Ɗinkakken Aljihu

Sau biyu cikin mako guda Anti Kunne ta kashe Hajiya Roba, kuma duka biyun a gaban yaran da ita ta koya wa yanke cibiya.

Kada a tsorata, Hajiya Roba ba mutum ba ce. 'Yar tsana ce mai tsawon mace, an yi mata ƙaton ciki na wata tara, da ƙirji mai lotsawa in an danna, da wata 'yar fitila a kafaɗa wadda ke yin kore in dannawa ta yi kyau, ta koma ja in ana wasa. Cikin akwati aka kawo ta, aka shimfiɗe ta a tsohon ɗakin taron da ke bayan ɗakin haihuwa, saboda horon da aka ɗora wa duk wata nas ta sashen: abin da za a yi idan zuciyar mai ciki ta tsaya cak. Takardar da aka liƙa a allon sanarwa ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Gwaji uku ne. Wadda ta faɗi na ukun za a ɗauke ta daga ɗakin haihuwa a kai ta wajen awo, ta riƙa ɗora mata a sikeli tana cike kati, sai horo ya sake zagayowa bayan wata shida.

Ranar da Anti Kunne ta karanta takardar, tsaki ta ja ta wuce. Shekararta talatin da ɗaya a ɗakin haihuwa, kuma ba a banza ta sami wannan suna ba. A aljihun dama na farar rigarta akwai wani ɗan ƙaho na ƙarfe mai kama da mazurari, irin wanda ake kafawa a cikin mace a kara kunne a ji bugun zuciyar ɗa. Ya sha hannu har ya yi santsi. An kawo na'urori masu batir, an kawo masu zane a takarda, duk ta ga zuwansu, wasu ma ta ga mutuwarsu. Amma in na'ura ta yi ta shuu ba ta kamo komai ba, uwa ta fara zare ido, likita ya fara gumi, Anti Kunne ake aikawa a kira. Za ta shigo ba gaggawa, ta shafa cikin, ta kafa ƙahon, ta ɗaga hannun hagu ta ce, "Ku yi mini shiru." Can sai ta ɗago ta ce, "Yana nan, ja'iri, ɓuya ya yi." Sai kowa ya sauke numfashi.

To mace irin wannan ce za a ce wai ta zo ta danna roba a ba ta maki?

Da wata shida a wajen awo ne kawai, da ta shanye, ta ce ma hutu ne. Amma akwai 'Yar Asibiti. Shekara ashirin da uku da suka wuce wata mata ta sulale ana tsakiyar naƙuda, kowa ya ruɗe, Anti Kunne ta kafa ƙaho ta ji ɗan bugu can ƙasa, ta daka tsawa ta ce abin da ke cikin yana da rai. Aka tura gadon da gudu, aka miƙe doguwar barandar nan har ɗakin tiyata, aka ciro yarinya. Uwar ba ta tashi ba. Jaririyar ta yi wata biyu a hannun ma'aikata kafin gwaggonta ta ɗauke ta, sunan 'Yar Asibiti ya bi ta har girma. Mama take ce wa Anti Kunne, ba ta wata biyu ba ta leƙo ba. Wannan labari shi ne kambun Anti Kunne, ba ɗalibar da ta ratsa ɗakin ba ta ji shi ba. Yanzu yarinyar ta yi aure, cikinta na fari saura mako biyar, kuma tun yana wata uku ta kama hannun Anti Kunne ta ce, "Mama, ke kika fara jin zuciyata. Ke za ki karɓi haihuwata, ba na son hannun kowa." Anti Kunne ta yi alkawari, ba ta san akwai wata Hajiya Roba a hanya ba.

Mai ba da horon ma ba baƙuwa ba ce. Shekara goma sha biyu baya ta zo ɗakin tana ɗaliba, siririya, ta ga jini ta sume, Anti Kunne ce ta yayyafa mata ruwa. Ta je ta ƙaro karatu ta dawo da agogon ƙidayar sakan rataye a wuya, ba ta magana uku ba ta dube shi ba, nan da nan aka laƙaba mata Malama Agogo. Tana rusunawa ta gaishe da Anti Kunne kamar da, amma agogon nan nata ba ya rusuna wa kowa.

Gwajin farko ran Litinin ne da hantsi. Aka tsayar da Anti Kunne jagora, aka haɗa ta da Doguwa da Mai Gilashi, nas-nas biyu na sashen, da wani likita da aka aro.

"Mace ce mai cikin wata tara, tana naƙuda," in ji Malama Agogo, yatsa a kan agogon. "Ta ce muku numfashinta yana sarƙewa, sai kawai ta sulale. Na danna."

Anti Kunne ba ta san lokacin da abin ya faru ba. Ita dai ta tsinci kanta a sunkuye, ƙaho kafe a cikin Hajiya Roba, kunne a kan ƙaho, ido rufe, hannun hagu a sama. "Ku yi mini shiru." Kuma da yake an saba, duk suka yi mata shiru, har da Doguwa wadda ba ta taɓa rufe baki don kowa ba. Aka tsaya cirko-cirko ana sauraren cikin roba.

"Sakan arba'in da takwas," in ji Malama Agogo a hankali. "Ba wanda ya taɓa wuyanta, ba wanda ya danna ƙirjinta. Anti, mun rasa ta."

Doguwa ta toshe baki da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa.

Malama Agogo ta koma gaban allo ta maimaita abin da ta kwana biyu tana faɗi. A kira mara lafiya a girgiza ta. A duba numfashi, a taɓa jijiyar wuya, kada a wuce sakan goma. In babu bugu a kira taimako a hau danna ƙirji, sau ɗari zuwa ɗari da ashirin a minti. Wata ta tallabe cikin ta jawo shi hagu, don kada nauyinsa ya danne babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya. A liƙa na'urar shokin, mai buga wa zuciya wuta. In an cika minti huɗu zuciya ba ta dawo ba, a ciro ɗan nan take, a kan gadon da ake. "Ɗan ba shi da iskar kansa, ba shi da jinin kansa da zai dogara da shi," in ji ta. "Abin da zuciyar uwa ta turo, shi yake samu. Don haka ba a tsayawa sauraren ɗa. Uwa ake ceto, shi ne ceton ɗan."

Anti Kunne ta ji, ta kuma gane. Ba kanta ne matsalar ba.

Ran Laraba ta yi dabara, ta kulle ƙahon a loka. Malama Agogo na cewa "Na danna," hannun dama ya faɗa aljihu, ya tarar wayam, ya laluba, ya tsallaka aljihun hagu, ido ya tafi kan tebur, baki ya ce, "Wa ya ɗaukar mini..." Kafin ta tuna, sakan talatin da ɗaya sun tafi. Ta hau danna ƙirji cikin fushi, fitila tana kore tana ja. Da aka ce minti huɗu sun cika, sai ta ɗaga murya kamar yadda ta ɗaga shekara ashirin da uku da suka wuce: "A cire birkin gado! Mu tafi tiyata!"

Malama Agogo ta danna agogo, ta sunkuyar da kai.

Da kowa ya watse Anti Kunne ta tsaya. Ta tura ƙofa ta rufe.

"Ke, zo nan. Ni za ki mayar abin dariya? Lokacin da nake karɓar haihuwa da fitilar hannu, ke ko tafiya ba ki fara ba."

"Wallahi Anti ba haka ba ne."

"To yaya ne? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kin san 'Yar Asibiti ko ba ki san ta ba? Da wannan kunnen na ji ta. Da wannan gudun da kike cewa kuskure ne muka kai ta tiyata. Ga ta nan tana yawo da ƙafarta, har za ta haifi nata. Da na bi allonki..."

Sai ta ji abin da bakinta yake shirin faɗa. Da ta bi allon, me za ta fara yi? Ta ga barandar nan a idonta, doguwa, gado yana ƙara, ita tana gudu a gefe hannunta a kan cikin. Ta ga hannun matar yana lilo a gefen gado. Mutum shida ne suke gudu ranar. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya cikin ranta, tana neman wanda ya ɗora hannu a ƙirjin matar, ba ta samu ba.

Ta zauna a kujerar roba. Malama Agogo ta san labarin, ita ma ta sha jin sa.

"Faɗa mini gaskiya," in ji Anti Kunne, murya ta sauka. "Da mun danna, da ta tashi?"

"Allah kaɗai ya sani, Anti. Wasu ana dannawa ba sa tashi." Ta durƙusa a gabanta. "Ba wanda ya koya muku a lokacin. Abin da kuka sani kuka yi, kuka kuma fid da rai guda. Amma yanzu an sani."

Anti Kunne ta daɗe tana kallon Hajiya Roba. Kunya ta ji, da baƙin ciki irin wanda ya makara da shekaru, wanda ba a san ma wa za a yi wa ta'aziyya ba.

"Yaushe ne na ukun?"

"Jibi, ƙarfe goma."

Mijinta tela ne, shagonsa a gaban gida yake, ƙofarsa ta baya tana buɗewa tsakar gida. Shekara talatin da huɗu suna tare, ya san tafiyarta in an haihu lafiya, ya san tafiyarta in an rasa. Ran nan da la'asar ya ji wata tafiya da bai sani ba, ya tsai da keken ɗinki ya leƙo.

"Lafiya, uwargida? Wa ya mutu?"

"Roba," in ji ta. "Ni na kashe ta, sau biyu."

Ta zauna a bakin shago ta kwashe duka ta faɗa masa, har da abin da ta gani a baranda. Ya saurara yana juya almakashi. Bai ce mata ta yi haƙuri ba, don ya san za ta jefe shi da takalmi. Sai ya tashi ya jawo buhun ƙyallaye, ya ɗauko wata tsohuwar doguwar riga da mai ita bai dawo karɓa ba, ya cusa ta dam, ya tura matashi a wajen ciki, ya ɗaure. Cikin rabin awa ga wata mata kwance a tabarma, ba kai.

"Ga ƙanwar Hajiya Roba," in ji shi. "Sau nawa aka ce a minti?"

"Ɗari da wani abu."

Ya koma kan keke, ya zare zare daga allura, ya ɗora ƙafa yana kallon agogon bango har ya daidaita taku. Ƙarar keken ta zama mata kiɗa. Yana takawa tana dannawa, gwiwar hannu a miƙe, gumi yana ɗiga a kan ƙyallaye. Minti biyu ba wasa ba ne ga mai shekara hamsin da shida. Da suka yi zagaye huɗu ta zube a gefen matar tana haki.

Tela ya leƙo ya kaɗa kai. "Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance."

"Allah ya shirye ka," in ji ta, amma dariya ta ƙwace mata.

Washegari ranar hutunta ce, suka ɗora tun da safe. Dannawa ta yi kyau. Jerin aiki ta haddace shi kamar sunayen 'ya'yanta. Sai dai duk sanda Tela ya ce "Ta sulale!" hannunta na dama sai ya fara zuwa ƙugu, inda aljihu yake a rigar aiki, alhali zane ne a jikinta. Sau tara ya ƙirga.

"Kanki ya ci jarrabawa," in ji shi, "hannunki ne daƙiƙi. Sabo turken wawa."

"Wa kake kira wawa?"

"Hannun, ranki ya daɗe, hannun. Ki bar ƙahon a gida mana."

"Na gwada, sai na tsaya nemansa. Kuma ranar da abin zai faru da gaske, a gida zan bar shi? Yana aljihuna zai same ni."

Tela ya ƙura wa hannun nata ido, irin kallon da yake yi wa yadin da ya ƙi kwanciya. Can ya ce, "Kawo rigar goben. Kawo ƙahon ma."

Ya saka ƙahon cikin aljihun dama, ya mayar da zare a allura, ya ɗora bakin aljihun a keke ya bi shi da ɗinki, ya juyo ya sake bi. Baƙin zare ya sa a farar riga, wai don ta riƙa gani.

"Yana nan tare da ke, za ki ji nauyinsa," in ji shi. "In hannu ya zo, ya tarar an rufe shago, sai ya wuce inda aka aike shi."

Ran Juma'a ɗakin taro ya fi kullum cika. Labari ya zaga cewa yau ne na ƙarshen Anti Kunne, duk wadda ba ta da mai naƙuda a hannu ta sami dalilin wucewa ta wajen. Babbar Sista da kanta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Doguwa ta hango baƙin ɗinki a aljihu ta buɗe baki, Anti Kunne ta watsa mata wani kallo, ta mayar da shi ta rufe.

Anti Kunne ta tsaya a gefen gado tana jiran umarni, abin da rabonta da yi tun tana ɗaliba.

"Mace ce mai cikin wata tara," in ji Malama Agogo. "An ɗaura mata na'urar sauraren ɗa. Ta kira ku ta ce ƙirjinta, sai ta sulale. Na danna."

Hannun ya tafi. Ba ƙarya, ya tafi. Yatsu suka daki ɗinki, suka ji ƙarfen a bayan yadi, kusa amma ba hanya. Ƙiftawar ido ɗaya ce. Sai hannun ya tashi ya sauka a kafaɗar Hajiya Roba.

"Baiwar Allah! Kina ji na?" Yatsu biyu a wuya, ido a ƙirji. Ɗaya, biyu, har bakwai. "Ba numfashi, ba bugu. Doguwa, danna ƙararrawa, jawo keken gaggawa! Likita, iska! A zura katako a bayanta!"

Ta haɗa hannu ta hau. A kunnenta ba abin da take ji sai keken Tela. Fitila ta yi kore ta zauna a kore.

"Mai Gilashi, ciki! Hagu!"

Mai Gilashi ta kafa tafuka tana tura cikin kamar mai tura mota. Anti Kunne ba ta daina dannawa ba, ta gefen ido ta gani.

"Ba haka ba! Danne shi kike yi. Zagayo ta hagu, sa hannu biyu ta ƙasa, ɗago shi ki jawo wajenki, kamar za ki sauke tulu." Wannan ba a allo ta koya ba, hannunta ya tallabi cikin mata ya fi dubu biyar. Malama Agogo ta ɗago ta dube ta, ta yi ɗan rubutu.

Doguwa ta liƙa faifan na'urar shokin. Malama Agogo ta ce zuciya tana karkarwa, irin wadda ake buga wa wuta ce.

"A cire bel ɗin sauraren ɗa. Kowa ya janye! Na janye, kin janye, kowa ya janye. Buga!" Aka buga. "Doguwa, karɓi ƙirji, kada ki jira."

Anti Kunne ta koma ƙafar gado, inda jagora ke tsayawa ya ga kowa. Wannan ya fi dannawa wuya, don mace ce da ba ta saba ganin aiki hannunta a sake ba. Ta sa aka kafa ruwa a jijiyar hannu, ba ta ƙafa ba. Tana bin lokacin allura, tana sa wanda ya ji umarni ya maimaita mata. A nan ne Mai Gilashi ta ɗago, da muryar tausayi, ta faɗi abin da Malama Agogo ta raɗa mata tun kafin a fara:

"Anti, ɗan fa? Tun ɗazu ba mu ji shi ba. Ko in miƙo na'ura mu saurara, sakan biyar kawai?"

Ƙirjin roba yana ta ƙara. Anti Kunne ta ji ƙahon ya yi nauyi a cinyarta. Duk jikinta yana so. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa jin an ce "ɗan fa" ta ƙi sunkuyawa ba.

"Riƙe cikin nan," in ji ta. "In kika saki, ke da ni ne. Ɗan yana cikin uwarsa, abin da muka ba ta shi zai samu. Doguwa, ƙara zurfi. Malama, minti nawa?"

"Uku da rabi."

"Likita, sa safar hannu. A buɗe kayan yanka. A kira masu karɓar jariri su tsaya nan."

"Huɗu," in ji Malama Agogo. "Ba bugu."

Likitan, shi ma da abin da aka raɗa masa, ya ce, "Anti, tiyata tana nan kusa, a tura ta mana."

Anti Kunne ta ga barandar. Ta ga hannu yana lilo.

"Ba inda za ta je," in ji ta, muryarta har waje. "Nan za a yi. Yanka, likita. Doguwa, kada ki tsaya ko da sakan ɗaya."

Cikin Hajiya Roba zif gare shi. Likita ya zuge, ya zaro wani ɗan jaririn roba mai ƙaton kai ya miƙa. A wata rana da an yi dariya. Ran nan ba wanda ya yi. Doguwa tana dannawa gumi yana zuba, aka canje ta, aka ci gaba har zagayen ya cika. Anti Kunne ta sa aka dakata a duba, ta kai yatsu wuyan roba da kanta.

"Akwai bugu," in ji Malama Agogo, ta danna agogo. Ta dubi takardarta, ta dubi Babbar Sista, sannan ta dubi matar da ta taɓa yayyafa mata ruwa. "Sakan tara aka fara danna ƙirji. A duk waɗanda na gwada a makon nan ba wanda ya kai haka. Anti, uwa ta tashi, ɗa ya fito."

Doguwa ce ta fara ihu, sauran suka ɗauka da tafi. Babbar Sista ta warware hannu ta ce, "Tsohuwar zuma, da ita ake magani," ta juya ta tafi kamar ba ita ta faɗa ba. Anti Kunne ta tsaya hannunta a kafaɗar Hajiya Roba, idonta ya kawo ruwa, ba ta ɓoye ba. Alfahari ta ji, cikakke, wanda ya fi na duk ranar da aka aika a kira ta da ƙaho, don wancan baiwa ce aka ba ta, wannan kuwa da guminta ta ƙwato shi a hannun kanta.

"Ke, Agogo," in ji ta tana share ido. "Litinin ki kawo mini ɗaliban nan sababbi. Akwai labarin da nake ba su, zan sake ba su shi, amma daga farkonsa."

Bayan azahar tana zaune a teburin ɗakin haihuwa tana cike takardun miƙa aiki, sai ga 'Yar Asibiti ta turo ƙofa, ciki a gaba, kati a hannu, tana tafiya kamar agwagwa. Daga awo take. Al'adarta ce, ko na'ura ta ce lafiya, ba ta yarda sai Mama ta ji da kunnenta.

"Mama, an ce yau kin ba su mamaki. Wai har da tafi?"

"Masu surutu. Hau gado."

Ta hau da ƙyar, ta kwanta, ta yaye riga daga kan cikin tana jira. Idonta ya sauka a aljihu. "Kai, Mama, wa ya ɗinke miki aljihu? Baba ne ko?"

"Shi ne, wa zai yi wannan aika-aika in ba shi ba."

Anti Kunne ta matso. Ta dubi fuskar yarinyar, goshin da hancin duk na matar nan ne, yau ta yarda ta gani. Ba ta kai hannu aljihu ba, ba kuma ɗinkin ne ya hana ta ba. Ta kamo hannun 'Yar Asibiti, ta juya shi, ta ɗora yatsu uku a wuyan hannun. Bugu yana zuwa da ƙarfi, a natse, ɗaya bayan ɗaya.

"Mama," in ji yarinyar tana dariya, "ɗan fa a nan ƙasa yake."

"Na san inda yake," in ji Anti Kunne. "Ke nake so in fara ji."

Ta riƙe hannun har minti ya cika. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Doguwa, miƙo mini almakashi."